Daga Gandoki Zuwa Salka: Ina Ƙagaggun Labaran Tarihin Kiristocin Arewa?

Akwai wata al'ada da marubuta Kiristoci na ƙasar Amurka suke da ita, wadda nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗaliban Hausa a kanta. Marubuta huɗu ko biyar, wani lokaci har tara, sukan haɗa kai su zaɓi wani zamani guda daga cikin tarihin ƙasarsu, alal misali lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, ko kuwa lokacin da mutanensu suke ƙaura zuwa yamma cikin kekunan dawaki. Sai kowannensu ya rubuta matsakaicin labari ɗaya a kan wannan zamani, a tattara su cikin kundi guda, a jera sunayensu a bangon littafi. Kamfanin Barbour da ke jihar Ohayo ya yi suna wajen buga irin waɗannan kundaye. Marubuci yakan sanar da masu karatunsa tun da wuri cewa nasu littafin zai fito a bazararsu, wato tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da sanyinsu ya wuce kuma ake hidimar bikin Ista, su kuwa su yi ta jira. Shi kansa ƙagaggen labarin tarihi mai ɗauke da jigon addinin Kirista ya daɗe a ƙasashen Turawa, domin kuwa tun 1880 Lew Wallace ya fitar da Ben-Hur, a 1896 kuma Henryk Sienkiewicz na ƙasar Folan ya fitar da Quo Vadis a kan Kiristocin birnin Rum na zamanin sarki Nero.

Ba ina cewa duk littattafan nan na Amurka nagartattu ba ne. Da yawansu soyayya ce zalla aka yafa mata tsohuwar riga, ga zaƙi har ya yi yawa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne dabarar, wato mutane da dama su raba tarihi guda a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ɓangaren da ya fi sani. Tambayar da nake yi ita ce, me ya hana a yi haka da Hausa, alhali kuwa muna da miliyoyin Kiristoci masu ibada da Hausa, kuma tarihinsu ya haura shekara 100?

Abin da zai ƙara wa mai karatu mamaki shi ne, ƙagaggen labarin tarihi na Hausa a ƙasarmu ta Kontagora aka yanke masa cibiya. Duk wanda ya yi aji ɗaya a wannan sashe ya san gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, da littattafai biyar da suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. To amma ba kowa ne yake tsayawa ya dubi taswira ba. Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911. Malam Bello Kagara, wansa, sunan garin ma yake ɗauke da shi, tauraron littafinsa kuma jarumin Kontagora ne wanda ya yi yaƙi da Turawa a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kafin shi da ɗansa Garba Gagare su faɗa duniyar aljannu. Shi ma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga Kagara labarinsa ya tashi kafin a sace yaron a bi da shi ta Kano har ƙasar Masar. Ke nan littattafai biyu da suka fi jingina da tarihi daga cikin biyar ɗin nan, dukkansu daga yankin da a yau ake kira jihar Neja suka ɗebo ruwa.

Sai dai kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ganɗoki ya ba da labarin mahayin doki ne, mai mashi da garkuwa, kuma ya ba da shi da kyau, babu mai ƙwace wa Malam Bello wannan. Amma dokin nan da yake sukuwa, garin wani ya nufa. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora a 1864, kuma daga lokacinsa har zuwa 1901 da sojojin Lugga suka ci garin a hannun ɗansa Ibrahim, Gwarawa da Kamukawa da Kambari sun ɗanɗana harin kamun bayi iya ɗanɗana. Ƙauyuka sun watse, mutane sun shige dazuzzuka da duwatsu. Turawa sun rubuta cewa da aka nemi Ibrahim ya bar kamun bayi, sai ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba a raba ta da kamun ɓera, ya ce shi ma da bawa a bakinsa zai mutu. Ni Bakambare ne daga Salka, cikin ƙaramar hukumar Magama, a kasuwa da coci da makaranta na koyi Hausa, saboda haka idan ina karanta Ganɗoki nakan ji daɗin Hausarsa da ɓangare ɗaya na zuciyata, ɗaya ɓangaren kuma yana tambaya, shin wa zai rubuta labarin tsohuwar da ta ji ƙarar kofato ta saɓi jikanta ta yi daji? Tafawa Ɓalewa ya ɗan leƙa wannan ɓangare, domin uwar Umar ta shiga ƙangin bauta garin neman ɗanta, kuma wannan ne ya sa littafinsa yake taɓa zuciya fiye da sauran. A yau da muka ga an kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, da yaran Islamiyya a Tegina a watan Mayun wannan shekarar, da kuma na makarantar Katolika ta Papiri a watan Nuwamban 2025, babu wanda zai karanta labarin uwar Umar ya ce tatsuniya ce.

Na biyar ɗin cikinsu kuwa, wato Jiki Magayi, shi ne ya fi kusa da batuna, saboda mutum biyu suka rubuta shi, John Tafida na Wusasa da shi East, kuma Tafida Kirista ne. Ashe ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa akwai hannun Kirista a ciki, kuma akwai rubutun haɗin gwiwa a ciki. Amma ka duba taurarin littafin, Abubakar da Zainabu da Malam Shehu da Kyauta, babu ko ɗaya da ya fito daga irin rayuwar da marubucin yake yi a Wusasa. Ban ga laifinsa ba, domin marubuci yana da 'yancin zaɓen abin da zai rubuta, kuma littafin ya yi kyau yadda yake. Abin da na gani shi ne an buɗe ƙofa a 1933, shekara fiye da 90 ke nan, waɗanda ya kamata su bi ta cikinta kuwa sun tsaya a bakin zaure.

Shiga shagon sayar da littattafan coci a Kontagora ko Kaduna ko Jos ka dubi ɓangaren Hausa. Za ka tarar da Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta farko ta fito a 1932 bayan aikin da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka yi, za ka tarar da littafin waƙoƙi, da littattafan shirin baftisma, da na makarantar Lahadi, da na zumuntar mata. Duk masu amfani ne, amma kusan dukkansu ko dai fassara ce ko kuwa koyarwa. Yarinyar da take rera waƙa da Hausa a ƙungiyar mawaƙan coci ran Lahadi, in ta koma gida tana neman labarin da za ta karanta, sai ta ɗauki na su Balaraba Ramat Yakubu ko Bilkisu Funtuwa ko Ado Ahmad Gidan Dabino, ko ta buɗe wayarta ta bi waɗanda ake sakawa a WhatsApp. Babu aibi a cikin wannan, ni ma su na karanta na gyara Hausata. Illa dai ba za ta taɓa ganin gidansu a ciki ba. Ɗan Kano kuma da yake karanta littattafan nan, zai girma yana zaton Hausa harshen addini ɗaya ce, Kirista kuwa baƙo ne da ya zo daga Kudu. A nawa ganin wannan rashin sani ya fi kowace irin gardamar addini haɗari, domin mutumin da ba ka taɓa jin labarinsa ba, ba wuya a ce maka dodo ne ka yarda.

Ba rashin abin rubutawa ba ne. Bari in fara da gida. Ƙungiyar mishan ta United Missionary Society, wadda wani ɗan Kanada mai suna A. W. Banfield ya kafa wa tashar farko a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905, ta iso Salka a 1923. Daga baya ta buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa a garin, ta yi asibiti a Tungan Magajiya, kuma daga aikinta ne cocin UMCA ya fito. Ka lura da shekarar nan da kyau. Turawa sun mayar da Ibrahim Nagwamatse kan gadonsa a 1903, bai kuma rasu ba sai 1929. Wato lokacin da Baturen mishan na farko ya sauka a Salka, sarkin da ya yi harin nan yana zaune a fadarsa a Kontagora, dattijon da ya fito ya tarbi baƙon kuwa, yana yaro ne aka yi ta gudu da shi. Me wannan dattijo ya gani a jikin Baturen? Mai ceto, ko wani sabon mahayin ne da ya zo babu doki? Da wane harshe suka yi magana? Da Hausa, harshen waɗanda ya guje wa jiya. Wallahi ko wannan kaɗai ya isa littafi.

Ka ɗauki saurayin da ya yi shekaru yana yi wa surukinsa noman aure, ana dab da ba shi mata sai ya karɓi baftisma, suruki ya ce a fasa. Ka ɗauki magidanci mai mata uku da aka ce masa ba za a karɓe shi ba sai ya zauna da ɗaya, amma ka ba da labarin ta bakin matar da aka sallama, wadda ba a tambayi ra'ayinta ba. Ka ɗauki tsohon da yake riƙe da asirin Magiro, ranar da ya ji ɗansa yana karanta baƙaƙen boko da ƙarfi a tsakar gida. Ko kuma gida ɗaya mai 'ya'ya uku, ɗaya ya musulunta a hannun fataken Hausawa, ɗaya ya bi 'yan mishan, ɗaya ya tsaya kan abin da ya gada, ga kuma gawar ubansu a kwance ana gardamar yadda za a binne ta. Irin wannan gida ba ƙage ba ne a ƙasarmu, har gobe akwai su, kuma suna cin tuwo a kwano ɗaya.

In an fita daga Salka kuma, ga Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa aka kai Barno, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya isa Landan a 1855, ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labaran da suka shiga Magana Hausa na 1885, ya kuma rasu a Kano a 1912. Muna haddace sunansa don jarrabawar tarihin rubutun boko, amma ba mu taɓa tambayar abin da yake ransa ba ranar da ya dawo gida da harshen Turanci da sabon suna. Ga kuma Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka watsu zuwa wajajen Ningi, har zuriyarsu ta zo wurin Likita Miller a Zariya a 1913. An yi musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunan ɗauki, ragowar suka tattara a Zariya sannan Wusasa a 1929. Daga wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yawancin abin da aka rubuta game da mutanen nan da Turanci yake, kuma da yawansa daga rahotannin da 'yan mishan suke aikawa gida ne don a turo musu gudummawa. Mai neman gudummawa kuwa ka san yadda yake ba da labari.

A nan ne nake ganin hikimar rubutun haɗin gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu ɗalibi ɗaya a cikinmu da ya san Salka ya san Wusasa ya san Zuru ya san Maraɗi. Haka nan ɗalibin da ba zai iya zama ya rubuta littafi mai shafi 200 ba, zai iya rubuta labari mai shafi 20 a hutun zango ɗaya. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna mana cewa gajeren labari yana da marubuta kuma yana da masu karatu. Amma babban dalilina ya wuce na sauƙi. Ina so a ce cikin marubutan kundin akwai Musulmi. Na san wasu 'yan'uwana na coci za su ɗaga gira, su ce to ina Kiristancinsa? Amsata ita ce tarihin da za a rubuta na Kiristoci ne, amma ba su kaɗai suka rayu a cikinsa ba. Akwai malamin zauren da ya koya wa Baturen mishan Hausa, akwai hakimin da ya ba da fili ko ya hana, akwai uwar da 'yarta ta tafi asibitin mishan neman magani ta dawo da wata waƙa a bakinta. Ɗan'uwana Musulmi da ya tashi a irin wannan gida zai fi ni sanin yadda zuciyar uwar nan ta buga. In na rubuta ta ni kaɗai, zan mayar da ita ko muguwa ko wawuya, shi kuma in ya rubuta mai bishara shi kaɗai, zai mayar da shi ɗan kwangilar Turawa. In muna karanta rubutun juna kafin a kai maɗaba'a, kowa zai ji kunyar yi wa ɗan'uwansa ƙarya.

Babban ramin da nake jiye wa irin wannan littafi shi ne wa'azi. Malamanmu sun sha nuna mana yadda faɗakarwa take cinye labari a cikin adabin kasuwar Kano, inda tauraro yakan tsaya a tsakiyar shafi ya yi huɗuba mai layi talatin. Marubucin coci ya fi kowa kusa da wannan rami, domin ya saba da ba da shaida, wato da ina cikin duhu yanzu na ga haske. Shaida tana da wurinta ran Lahadi. Labari kuwa yana bukatar Baturen mishan wanda ya yi wa mutane maganin gyambo da hannunsa, amma ya hana kiɗan gargajiya don bai fahimce shi ba, kuma bai yarda mai dafa masa abinci ya zauna a teburinsa ba. Yana bukatar tsohon mai Magiro wanda ya fi sabon tuba riƙon alkawari. Har shi Nagwamatse, in ya shigo labarin, sai a ba shi hankalinsa da jaruntarsa da dalilansa kamar yadda mutanen zamaninsa suka san shi, sannan a nuna abin da dawakinsa suka bari a baya. Chinua Achebe ɗan malamin mishan ne, amma a cikin littafinsa na 1958 bai yi wa kakanninsa ƙarya don ya faranta wa coci ba, bai kuma ɓoye dalilin da ya sa waɗanda aka wulaƙanta suka ruga wurin sabon addini ba.

Wani zai ce tone-tonen nan zai ta da fitina, a bar kaza cikin gashinta. Ina girmama wannan tsoro, domin mun ga abin da kalma ɗaya take jawowa a ƙasar nan. Amma labaran nan ba a binne suke ba. Ana ba da su kullum a tsakar gida da daddare, kowane ɓangare yana ba wa 'ya'yansa nasa rabin, babu mai gyara wa wani. Wanda aka rubuta aka buga shi ne kaɗai ake iya yi wa raddi. Sharaɗi guda dai, kada a taɓa abin da kowane ɓangare yake tsarkakewa, kuma a sauya sunayen gidajen da zuriyarsu suke raye.

Ƙorafin da ya fi yi mini nauyi daga gida yake fitowa. Dattawanmu za su ce, Hausa tana cinye harshenmu a kasuwa da coci, yanzu kuma tarihinmu ma da ita za ku rubuta? Suna da gaskiya, domin akwai yaran Kambari a birane da ba sa iya gaida kakarsu da harshenta. Aikin raya harshen Kambari da aka kafa wa cibiya a Salka ya samar da ƙa'idojin rubutu da littattafan koyon karatu da Tsishingini na Salka da Tsikimba na Auna da Cishingini na Agwara, kuma wannan abin a yaba ne. To amma in na rubuta labarin tsohuwar nan da Tsishingini kaɗai, jikokinta ne kawai za su karanta, su kuwa sun riga sun sani. Ina so jikan mahayin dokin ya karanta, shi kuwa Hausa yake ji. A rubuta da Hausa, a bar gaisuwa da waƙar noma da kukan makoki cikin harshen masu su, mai so daga baya ya fassara gaba ɗaya. Masu cewa kuma Hausar irinmu ba ta nuna ba, wai muna gauraya "ya" da "ta", wannan aikin edita ne, ga malamai cike da sashe. Hasali ma in mai bishara Bakambare na 1950 ya buɗe baki a cikin labari ya yi Hausar Kano tsantsa, to marubucin ya yi kuskuren tarihi, kamar ya ɗaura masa agogon zamani ne a hannu.

Saura batun lokaci. Waɗanda suka ga zuwan mishan Salka da idonsu sun riga sun kwanta dama. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yansu, da ɗaliban farko na makarantar Littafi Mai Tsarki da matansu, masu shekara 80 zuwa sama, kuma rashin tsaro ya tarwatsa wasunsu zuwa gidajen 'ya'yansu a Kontagora da Minna. Da rani da bazara ne ake samun tsoho a gindin bishiya yana da sararin hira, da zarar ruwan shuka ya sauka kuwa ko mai sanda gona yake nufa. Saboda haka shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce a zaɓi mutum shida ko bakwai tun yanzu, kowa ya tafi garinsu da wayarsa ya ɗauko hira a wannan rani, a yi rubutu da damina, a yi gyara da kaka, a nufi fitar da kundin a bazara mai zuwa. Wanda kuma aka tura Salka, kada ya tsaya a ofishin fasto kawai. Ya nemi tsofaffin zumuntar mata, domin su ne suka riƙe sunayen matan da aka sallama da inda kowacce ta koma.